Kira yana yankewa in ma'aikata suna tafiya da waya a Wi-Fi ɗin asibiti, don Allah a taimaka

Ɗan Tudun Wada:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah shawara nake nema, abin nan ya kusa wata biyu yana hana ni barci. Ni ke kula da netwok na wani asibiti mai zaman kansa a Kaduna, gini ne mai hawa uku, AP (na'urar da ke watsa Wi-Fi) 24 gare mu, takwas a kowane hawa, duk kwanturola ɗaya (na'urar da ke sarrafa su) ke riƙe da su. Bara aka cire tsofaffin intakom na tebur aka ce kowa ya koma kira ta Wi-Fi, nas-nas aka raba musu ƙananan wayoyin hannu guda 30, likitoci kuma aka saka musu manhajar kira a wayoyinsu, wasu iPhone wasu Android. In mutum yana zaune wuri ɗaya lafiya lau, murya tar kamar yana gabanka. Da ya miƙe ya fara tafiya shikenan an shiga matsala.

Kala uku abin yake zuwa. Wani lokaci kana tafiya a baranda sai ka ji ɗif na sakan biyu ko uku sannan murya ta dawo. Wani lokaci nas tana jin likita sarai amma shi ba ya jinta, sai ta yi ta hello hello. Na ukun shi ya fi muni, duk wanda ya hau ko ya sauka daga bene yana kan kira, kiran mutuwa yake gaba ɗaya sai an sake bugawa. Satin da ya wuce wata nas ta fito daga ɗakin haihuwa da gudu tana yi wa likita bayanin mara lafiya, tana hawa bene kira ya yanke, sai da aka tura mutum da ƙafa ya nemo shi. Allah ya tsare ba abin da ya faru amma wlh ranar jikina ya yi sanyi, kuma tun daga nan shugaban asibitin kullum sai ya tambaye ni.

Abin da na gwada: na ƙure ƙarfin duk AP ɗin zuwa ƙarshe, na ƙara AP biyu a hawa na biyu, na sabunta manhajar kwanturola, har data muka ƙara a wajen masu ba mu intanet. Ba abin da ya canja, ni a ganina ma kamar ƙaruwa abin ya yi. Me nake yi ba daidai ba?

Mai Kebul:
Wa alaikumus salam. Oga ina ganin AP ɗin ne ba su isa ba, ginin asibiti bango ya yi masa yawa. Ka sa a siyo ƙarin guda shida ko kuma ka jefa irin ƙananan na'urorin nan masu ƙara nisan sigina a kan matattakala, ni haka na yi a wani otel kuma an daina ƙorafi.

Injiniya Babba:
A'a Mai Kebul, kar ya yi haka tukuna. Waɗannan masu ƙara nisan a gida suna da amfani, amma a wajen murya ƙara jinkiri suke, kuma kwanturola ba ta san da zamansu ba balle ta taimaka wa waya ta tsallaka. Ƙanina Ɗan Tudun Wada, kafin komai ka riƙe wannan: ba AP ke yanke shawarar waya ta koma wata AP ba, wayar ce da kanta take yankewa. Kai aikinka ka gyara mata hanya yadda in ta tashi tsallakawa za ta samu inda za ta faɗa da sauri. Amsa min waɗannan. Wane irin tsaro kake amfani da shi, faswad ɗaya ga kowa ko 802.1X? In 802.1X ne ina sabar RADIUS ɗin, mai tantance masu shiga netwok, take? Kowane hawa da VLAN ɗinsa, wato nasa yankin netwok daban, ko duk ɗaya ne? 802.11r, tsarin saurin tsallakawa daga AP zuwa AP, a kunne yake? SSID, wato sunan Wi-Fi, nawa kake watsawa? Kuma ita sabar kiran tana cikin ginin ko a waje?

Ɗan Tudun Wada:
Ngd yallaɓai. 802.1X ne, kowa da sunansa da faswad ɗinsa. RADIUS ɗin yana hedkwatarmu a Abuja, ta VPN, wato killataccen layi ta intanet, muke kai masa. Kowane hawa da VLAN ɗinsa da jerin adireshin IP ɗinsa, haka na tarar wanda ya yi aikin farko ya tsara, kuma AP ɗin kai tsaye suke sauke zirga-zirga a suwic ɗin hawansu (akwatin da kebul ɗinsu ke haɗuwa), ba sa bi ta kwanturola. 802.11r a kashe yake don an taɓa ce min tsofaffin na'urori ba sa shiri da shi. SSID bakwai ne. Sabar kira tana nan ƙasa a ɗakin saba.

Injiniya Babba:
Toh ai ka gama ba kanka amsa, matsala uku ka lissafo kuma dalili uku ne daban, shi ya sa duk abin da ka taɓa ɗaya ba ka ganin canji. Ƙarin data kuwa kuɗi kawai aka kashe, tunda sabar kira tana cikin gini muryar ba ta ma fita intanet.

Fara da na bene don shi ne mai kashe kira. Wayar nas tana hawa na ɗaya da IP na hawa na ɗaya, ta hau sama ta kama AP na hawa na biyu, wannan AP ta jefa ta cikin wani VLAN daban. IP ɗin da take riƙe da shi ba ya aiki a nan, dole ta sake neman sabo a wajen DHCP mai raba adireshi, ita kuwa sabar kira tana can tana ta aika murya zuwa tsohon adireshi. Kamar mutum ya tashi daga gida bai faɗa wa kowa ba ana ta kai masa saƙo tsohuwar unguwa. Ko sigina ya kai ƙarfin me kiran nan sai ya mutu. Maganinsa ka yi VLAN ɗaya na murya wanda ya ratsa hawa ukun gaba ɗaya, ka wuce da shi ta kowane suwic har bakin kowace AP, ko kuma ka sa SSID ɗin murya ya rinƙa bi ta kwanturola a sauke shi wuri ɗaya. Waya 30 da na likitoci ba su kai yawan da VLAN ɗaya zai gagara ɗauka ba.

Na biyu shirun nan na baranda. Yawancin kiran nan kowane milisakan 20 ake aika ƙunshin murya ɗaya, wato 50 a sakan. Shi ya sa ake son tsallakawa daga AP zuwa AP kar ta wuce milisakan 50, a rasa ƙunshi biyu ko uku kunne ba zai lura ba. Kai kuma yanzu duk lokacin da waya ta canja AP sai ta sake gabatar da kanta tun daga farko, in tsarin tantancewa na PEAP ne ana kai da komowa wajen sau goma tsakaninta da RADIUS, kuma kowane zagaye sai ya je Abuja ya dawo ta VPN, bayan nan a yi musabahar makulli mai hawa huɗu. In layin Abuja ya ɗan cushe ko ƙunshi ɗaya ya ɓace aka jira a sake aikawa, ga sakan biyunka nan. Abin da aka ƙirƙiri 802.11r dominsa kenan tun 2008, waya ta yi cikakken tantancewa sau ɗaya da safe, sauran AP ɗin an riga an tanadar musu makulli, in ta zo saƙo huɗu kawai za a yi musaya ta wuce, ba ruwanta da Abuja.

Hajiyar Netwok:
Yaya Injiniya ya yi bayani mai kyau, bari in ɗora a kan wanda nas ke ji amma ba a jinta, don wannan ƙure ƙarfin da ka yi ne ya ƙara shi malam. AP tana da wuta daga kebul da eriya mai kyau, wayar hannu kuwa ɗan batiri ne da ɗan eriya a tafin hannu, ga jikin mutum ya tare rabi. In ka ƙure AP, wayar tana jiyo ta daga nesa tana ganin sandunan sigina cike, sai ta ce ai lafiya nake, ta maƙale mata kamar kaska ko da ta wuce AP biyu a hanya. Amma muryar wayar ba ta isa ta koma can ba. Mai lasifika ne yake magana da mai raɗa daga ƙarshen fili, shi ana jinsa, shi ba ya ji.

Ka duba misalin iPhone tunda su Apple sun bayyana yadda tasu take aiki: ba ta fara neman wata AP sai sigina ya faɗi zuwa -70 dBm (ma'aunin ƙarfin sigina ne, -70 ya fi -60 rauni), kuma in tana cikin aika bayanai sai ta samu wadda ta fi ta yanzu da 8 dB kafin ta koma, in tana zaune ba aiki 12 dB. Toh in ka ƙure ƙarfi yaushe za ta ga -70 ɗin? Sai ta sha kwana bango ya tare ta sigina ya faɗi lokaci ɗaya, sannan ta fara neman mafita a gigice. Android kuma kowane kamfani da nasa lissafin, shi ya sa dole ka gwada da ainihin wayoyin da ake riƙewa.

Ni abin da nake yi, ina rage ƙarfin zangon Wi-Fi na 5 GHz ya dawo daidai da abin da waya mafi rauni za ta iya mayarwa, in sa SSID ɗin murya a 5 GHz kaɗai in wayoyin nas ɗin suna iyawa, faɗin tasha 20 MHz, sannan in kashe ƙananan gudun nan na 1 da 2 da 5.5 da 6 da 9 da 11, mafi ƙanƙanta ya zama 12 Mbps. Ma'aunin da ake bi a aikin murya shi ne ko'ina mutum zai taka ya samu -67 dBm ko sama, tazarar sigina da hayaniya 25 dB, kuma da'irar AP ta shiga ta maƙwabciyarta da kamar kashi 20 cikin ɗari, yadda kafin ta farko ta yi rauni ta biyu ta riga ta yi ƙarfi.

SSID bakwai kuma haba malam, sun yi yawa. Kowane ɗaya yana shelar kansa kusan sau goma a sakan daga kowace AP, kuma da mafi ƙarancin gudu yake shelar, iska ta cika da sanarwa kafin a zo ga magana. Ka dawo da su uku.

Mai Kebul:
Na karɓi gyara, gsky otel ɗin da na yi ba kira suke ba, baƙi ne ke kallon bidiyo a ɗaki. Amma Hajiya in ya rage ƙarfi ba zai buɗe ramuka ba? Matattakalar asibiti kankare ce zalla.

Hajiyar Netwok:
Zai iya buɗewa sosai, amma ramin dama yana nan, ƙarfin ne ya lulluɓe shi ta ɓangare ɗaya. Gara ya gan shi ya san inda zai sa AP. Kuma ina kyautata zaton biyun nan da ya ƙara a hawa na biyu ba can ake buƙatarsu ba, a bakin matattakala ake buƙatarsu. Lifta kam kar ya yi wa kowa alkawari, akwatin ƙarfe ne mai tafiya.

Ɗan Tudun Wada:
Allah ya saka da alheri, wlh kamar an cire min yana a ido. Tsorona ɗaya shi ne 802.11r ɗin nan. Akwai tsofaffin firintoci da wasu na'urorin ɗakin gwaji a kan SSID ɗin ma'aikata, in na kunna suka faɗi ranar aiki na shiga uku. Kuma ta yaya zan tabbatar wa oga cewa ga inda lokacin ke tafiya, don ya gaji da jin "ina kan dubawa".

Injiniya Babba:
Tsoronka yana kan hanya, akwai tsofaffin na'urori da in suka ga alamar 11r a shelar AP sai su ƙi haɗuwa sam. Kar ka taɓa SSID ɗin da suke kai. Buɗe sabo na murya kaɗai, ka kunna masa 11r da 11k da 11v, ka ɗauko wayar nas ɗaya da iPhone ɗaya da Android ɗaya ka gwada da daddare. 11k shi ke ba waya jerin maƙwabtan AP da tashoshinsu don kar ta ɓata lokaci tana leƙa kowace tasha, 11v kuma AP ce ke ba ta shawara ta koma waccan, shawara ce kawai tana iya ƙi. A 11r ɗin zaɓi tsallakawa ta iska, wato waya ta yi magana kai tsaye da sabuwar AP, ita wayoyi suka fi sani. Ka kuma duba takardar wayoyin nas ɗin ka ga ko suna goyon bayan 11r, in ba sa yi ka duba OKC, wata hanyar saurin tsallakawa ce, in shi ma babu toh su kaɗai ka yi musu SSID mai faswad doguwa wadda kai kaɗai ka sani, a killace su ba sa ganin komai sai sabar kira.

Batun hujja kuwa mai sauƙi ne. Ɗauki laftof ka sa ta yi ta aika ping (ɗan saƙon gwaji) zuwa sabar kira kana tafiya, a wata taga kana buga netsh wlan show interfaces kana kallon BSSID, wato lambar AP ɗin da kake kai, duk inda ya canja ka rubuta wurin da ping nawa suka ɓace, in IP ya canja a bene ka ɗauki hoton allo. Amma ka sani laftof ba waya ba ce, yadda take tsallakawa daban, don haka ainihin shaidar tana cikin tarihin kwanturola, nemo MAC, wato lambar shaidar wayar nas a netwok, ka ga lokacin da ta bar wannan AP da lokacin da waccan ta karɓe ta. In kana da katin da ke iya sauraron iska ka kama da manhajar Wireshark, ka auna daga ƙunshin murya na ƙarshe a tsohuwar AP zuwa na farko a sabuwa. Wannan lambar ita za ka kai wa oga kafin gyara da bayan gyara.

Abu Tsaro:
Ni dai ban so maganar faswad ɗaya a asibiti ba ranka ya daɗe, waya ɗaya ta ɓata sai an bi 29 an canja. In dole ne a yi, amma a fara gwada 11r. Kuma ko da 11r ya yi aiki, a kawo RADIUS na biyu cikin ginin, don ranar da layin Abuja ya yanke da safe babu wayar da za ta iya shiga netwok tun farko, asibiti guda ba kira saboda wani ya haƙa rami ya tsinke faiba a hanya.

Injiniya Babba:
Gaskiyarka Abu, na yarda da duka biyun.

'Yar Zariya:
Abu biyu da ba a ambata ba. Na farko fifikon murya, ka tabbatar WMM, saitin da ke ba murya fifiko a Wi-Fi, a kunne yake kuma ƙunshin murya yana ɗauke da alamar fifiko ta DSCP 46 tun daga waya har saba, don suwic da yawa goge alamar suke in ba ka ce su amince da ita ba. Akwai ma wani tarko, wasu na'urori in suka ga 46 layin bidiyo suke jefa shi a iska maimakon layin murya, takardar ƙa'ida ta RFC 8325 ta yi maganar gyaran wannan, ka duba yadda kwanturolarka take fassarawa. Sannan tashoshin DFS, waɗanda Wi-Fi ke rabawa da rada, daga 52 zuwa sama har wajen 140, a nan waya ba ta da izinin tambaya sai dai ta tsaya ta saurari shela, yana cin lokaci, kuma in AP ta ji abin da ya yi kama da rada dole ta bar tashar nan take da duk wanda ke kanta. In wayoyin nas ɗin ba sa son su ka fara da 36, 40, 44, 48 da kuma 149 zuwa 161.

Na biyu kuma tambaya ce, suwic ɗin da ke ba AP ɗin wuta suna kan UPS? Don a wani ofis da na yi aiki mun yi wata guda muna zargin saiti, ashe duk lokacin da aka ɗauke wuta kafin janareta ya ɗauka suwic ɗin hawa ɗaya mutuwa yake, AP takwas su tashi daga farko, minti biyu zuwa uku babu Wi-Fi a wajen, wayoyi duk su ruga su maƙale wa na wani hawa ta cikin kankaren da ke tsakanin hawa da hawa, kuma ko an dawo ba sa komawa da wuri.

Ɗan Tudun Wada:
Innalillahi, yanzu na hau na duba, UPS ɗin hawa na uku batirinsa ya mutu, fitila ja ce ke ci ban san tun yaushe ba. Na rubuta takardar neman sabon batiri. Daren Asabar zan yi sauran in sha Allah, zan dawo da bayani.

Ɗan Tudun Wada:
Salam 'yan uwa, na dawo kamar yadda na yi alkawari. Daren Asabar na buɗe SSID na murya a VLAN ɗaya da ya ratsa duk ginin, 5 GHz kaɗai, 11r da 11k da 11v a kunne, na rage ƙarfi, na kashe ƙananan gudu, SSID suka dawo huɗu don akwai ɗaya na na'urorin ɗakin gwaji da ban yarda in taɓa ba tukuna. Wayoyin nas ɗin ashe suna goyon bayan 11r, a cikin saitinsu ne aka bar shi a kashe, sai da na bi su ɗaya bayan ɗaya. Ni da wani mai gadi muka yi ta zagaye da kira a kunne har ƙarfe uku na dare, shi yana ƙirga ɗaya biyu uku a waya ni ina tafiya ina sauraron inda lamba za ta ɓace. A baranda ba ta ɓace ko sau ɗaya ba. A kwanturola tsallakawar da a da nake gani sama da sakan ɗaya yanzu ba ta kai milisakan 50. A bene kira ya daina mutuwa, amma kamar yadda Hajiya ta faɗa rami ya fito a kwanar matattakala tsakanin hawa na biyu da na uku, sigina yana faɗuwa har -78, murya tana kakkaryewa na ɗan lokaci. Jiya na ciro ɗaya daga AP biyun da na ƙara na mayar da ita can, yanzu -63 nake gani a wajen.

Abin da ya rage, akwai wayoyin Android guda biyu na likitoci, iri ɗaya ne, har yanzu suna maƙalewa sai sigina ya kusa mutuwa suke saki. Kuma RADIUS na cikin gida oga ya amince amma sai wata mai zuwa.

Hajiyar Netwok:
Alhamdulillah, sannu da ƙoƙari malam. Android biyun nan ka fara duba ko yanayin adana batiri a kunne yake, ka cire manhajar kiran daga cikin waɗanda wayar ke takurawa, ka sabunta su. Akwai saitin da ke sa AP ta kori waya in siginarta ya faɗi ƙasa da wani mataki, amma kar ka yi saurin kunna shi a SSID ɗin murya, korar tsakiyar kira ita ma yankewa ce. Turo min samfurin wayar da tarihin tsallakawarsu na kwana ɗaya daga kwanturola, ka goge sunayen masu su, in duba maka ko suna amsa shawarar 11v ko watsi suke da ita.